Kafin Ka Bari a Sa Wa Salansarka Zarto

Ƙannena samarin Abbare da na cikin garin Jalingo, zancena da ku a kan wani abu ne da ke ƙarƙashin mota, inda mai ita bai cika leƙawa ba. Wata ɗabi'a tana yaɗuwa a tsakaninku. Saurayi ya samu Mercedes C300, ko Lexus IS, ko Camry, ko ma tsohuwar Golf, ta gida ce ko guminsa ne, sai ya wuce gareji a yanke tukunyar salansa, a fasa abin nan da makanikai ke kira indomi a kwashe cikinta, mai walda ya haɗa miƙaƙƙen bututu a gurbinta. Daga ranar, in ya taka totur a Hammaruwa Way ko a hanyar Yola, tun daga nesa ake sanin ga shi nan tafe. Wanda ba ya son ƙara ma bai tsira ba, domin shi kuma ce masa ake yi indomi ce ke shaƙe inji, ita ke sa mota shan mai, a cire ta ya huta. Son mota ba laifi ba ne, kuma wanda ke jin daɗin rurin inji mai lafiya yana da hujjarsa, don akwai gwaninta a ƙirar inji da ta isa a yaba. Abin da nake so ku auna shi ne, kusan komai a jikin mota don mai ita aka yi shi, kujera da giya da esi da kiɗa, amma indomi da tukunyar salansa don mutanen da ke bayanku da gefenku aka sa su. Wanda ya cire su ya taɓa abin da ba nasa shi kaɗai ba, kuma ribar da yake samu ba ta taka kara ta karya ba.

Ku fara sanin abin da ake fasawa. Inji ba ya ƙone fetur tsaf, kuma hayaƙin da ke fitowa daga cikinsa yana ɗauke da guba iri uku. Akwai kabon monoksayid, iskar nan marar launi marar wari da ke kashe iyali guda cikin dare idan aka kunna janareto a ɗaki ko a lungun da iska ba ta ratsawa. Akwai ragowar fetur da bai ƙone ba, cikinsa har da sinadarin benzin, wanda masana suka tabbatar yana haddasa dajin jini. Sai naitirojin da tsananin zafin inji ya haɗa da oksijin, mai ƙona hanyoyin numfashi da tayar da asma. Indomi gwangwani ce ta ƙarfe a kan hanyar hayaƙi, dab da inji. A cikinta akwai dunƙulen gasasshen yumɓu da aka huda wa dubban ramuka siraran gaske, wajen 400 a kowane inci murabba'i, aka shafe bangon ramukan da ƙarafa uku masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, duka-duka 'yan giram kaɗan. Idan ta ɗau zafi ta kai wajen digiri 300 a ma'aunin salshiyas, hayaƙin da ya ratsa ta sai ya sauya. Guba ta farko da ta biyu su zama kabon dayoksayid da tururin ruwa, ta ukun ta koma naitirojin, wanda dama shi ne mafi yawan iskar da muke shaƙa. Indomi mai lafiya tana kawar da sama da kashi 90 cikin 100 na gubar nan, ba ta shan mai, ba ta cin batir, ba ta da wani abu mai juyawa da zai gaji. Ku yi lissafin da kanku: mota guda da aka fashe tana iya zubar da gubar motoci goma irinta.

Ba don ado masu ƙera mota suka ɗauki wannan ɗawainiya ba, sai da mutane suka ji a jikinsu. A shekarun 1940 da 1950 birnin Los Angeles na Amurka ya riƙa kwana ya tashi cikin wani hazo mai sa ido hawaye, har wani masanin sinadarai, Arie Haagen-Smit, ya nuna cewa hayaƙin motoci ne ke haɗuwa da zafin rana ya haifar da shi. Eugène Houdry, injiniyan Faransa da ya zauna a Amurka, ya ƙirƙiro na'urar tace hayaƙi tun a shekarun 1950, amma ba ta yi kasuwa ba, domin fetur ɗin lokacin ana zuba masa dalma, ita kuwa dalma rufe ƙarafan take yi ta kashe su. Sai da Amurka ta yi dokar tsabtace iska a 1970, aka samar da fetur marar dalma, sannan daga motocin 1975 aka fara sa ta gadan-gadan. John Mooney da Carl Keith na kamfanin Engelhard su suka fito da irin da ke maganin guba ukun a lokaci guda, kamfanin Volvo ya haɗa ta da na'urar auna oksijin a 1976, Tarayyar Turai kuma ta wajabta ta a farkon shekarun 1990. Nijeriya ta daina zuba dalma a fetur sama da shekara ashirin da suka wuce, Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe a duniya da ta daina, a 2021. Duk wannan doguwar tafiya tana cikin 'yar gwangwanin da ake fasawa da rodi kafin shayi ya huce.

Hujja ta farko da za ku kawo ita ce ƙarfi, kuma tana da asali. Indomin farko ta shekarun 1970 ta kasance mai toshe numfashin inji, musamman wadda ake cika wa ƙananan duwatsu. Motar tsere ta Amurka, Corvette, a 1975 ƙarfin doki 165 kawai take bayarwa, kuma tun daga wannan zamani maganar ta shiga bakin makanikai a duniya, ana gadonta har yau. Amma ku dubi inda aka kwana. Corvette ta 2020 tana ba da ƙarfin doki 490 da indominta a jiki. Bugatti Chiron, wadda ta fito a 2016 da ƙarfin doki kusan 1,500, ita ma da nata take fita daga masana'anta. Idan injiniyoyin da suka ƙera waɗannan ba su ga ta hana su gudu ba, to ba ita ce ta tsare Camry ɗinka ba. A injin da ba shi da turbo, cire lafiyayyar indomi 'yan dawakai ƙalilan yake ƙarawa, su ma sai allura ta haura kusa da jan layi, inda ba a zama a hanyoyinmu masu ramuka da Keke Napep da shanu masu tsallakawa. Sau da yawa ma bututun da mai walda ya sa ya fi na asali faɗi, hayaƙi ya rage saurin fita, motar ta yi nauyi wajen tashi daga tsaye, wanda shi ne ƙarfin da kake buƙata kullum a cikin gari. Gaskiya ne injin turbo yana ɗan fi amfana, amma sai an sake tsara kwamfutar motar da ilimi da na'urar gwaji, in ba haka ba an buɗe ƙofar lalata turbon da fistin. Abin da ke faruwa ga mafi yawanku shi ne kunne yana ruɗin ƙafa. Ƙara ta ninka, sai zuciya ta raya maka gudu ya ninka, alhali da za a sa agogo a auna, da kyar a ga bambanci.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, don ta shafi aljihu. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta kuma haye 1,000 a 2024, duk wanda aka ce masa ga dabarar rage shan mai dole ya saurara. Sai dai indomi ba ta da hannu a yawan man da ake zuba wa inji. Kwamfutar mota ce ke auna shi, tana neman kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na fetur, kuma labarin da take aiki da shi yana zuwa ne daga sansar oksijin da ke gaban indomi. Akwai sansa ta biyu a bayanta, mai duba ko tana aikinta. Da an fasa ta, wannan ta biyun za ta kai ƙara, fitilar cek ta kama ta ƙi mutuwa, wanda ya sa na'ura ya duba zai ga lambar P0420. A wasu motocin ma kwamfutar tana gyara awon mai da labarin sansa ta biyun, sai shan man ya ƙaru. Fitilar da kullum take kunne kuwa ta daina yi maka amfani, domin ranar da wata cuta ta gaske ta taso, ba abin da zai sanar da kai. To amma me ya sa wani zai rantse cewa da aka cire tasa motar ta warware? Gaskiya ya faɗa. Indomi tana toshewa, kuma motar da tata ta toshe ba za ta hau tsaunin Mambila ta kai Gembu da daɗi ba. Tambayar da ba a yi ita ce, me ya toshe ta? Ba ta mutuwa haka kawai. Filogi ne ko kwayil ya mutu, ɗanyen fetur ya riƙa wucewa yana ƙonewa a cikinta har yumɓun ya narke. Ko nozul na yoyo, ko ringi ya ci inji na shan baƙin mai, ko gaskit ya ƙone ruwa na shiga, ko an daɗe ana shan gurɓataccen man bumburutu. Idan aka fasa ta aka bar sanadin, cutar tana nan tana cin injin a hankali, an dai yi gyaran gangar Auzinawa.

Yanzu ku tambayi kanku, ina garin yumɓun yake zuwa bayan an kwashe shi? Ba bola ake kai shi ba. Akwai masu saye, daga 'yan gwangwan na unguwa har dillalan da ke tara shi a fitar waje a narke a cire ƙarafan. Afirka ta Kudu ce ke haƙo mafi yawan filatinam da rodiyam na duniya, Rasha kuma na kan gaba a faladiyam, kuma ba su da yawa a ƙasa. A watan Maris na 2021 oza ɗaya ta rodiyam, wato giram 31, ta haura dala 29,000, lokacin da ta zinariya ba ta kai dala 2,000 ba. Farashin ya sauko daga baya, amma cinikin bai mutu ba. A Nuwamban 2022 hukumomin Amurka sun gurfanar da mutum 21 kan wata ƙungiyar satar indomi da cinikinta ya haura dala miliyan 500. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da rahoto a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da motoci na hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo, kuma binciken da hukumomin Holan suka yi a tashoshin jirgin ruwansu ya samu wasu an riga an yanke musu indomi tun kafin su hau jirgi. Motar da ta iso Jalingo daga Kwatano ko Legas ta bi hannaye da yawa, kowane hannu kuma ya san darajar abin. Mafi yawan makanikanmu mutanen kirki ne masu neman halak, wasu ma da zuciya ɗaya suke ba da shawarar cirewa domin haka suka koya. Duk da haka, duk shawarar da mai ba da ita zai tashi da abu mai tsada a hannunsa, kai ka tashi da bututun banza, ta cancanci ka ce a dakata tukuna.

Nauyin kuwa kan wa yake sauka? Bakin salansa bai wuce gwiwar babba ba, daidai fuskar yaro ƙarami ke nan. Mai tallan gyaɗa a bakin titi, da mai gasa masara, da mai shayi, da matar da ta kasa doya a kasuwar Mile Six, da direban keke da ke bin bayanka ba gilashi ba ƙofa, da ɗan makarantar da ke jiran tsallaka hanya, su ke shaƙar abin da ka ƙi tacewa. Da hunturu abin ya fi muni, domin sanyin safiya yana danne hayaƙi a ƙasa, ya haɗu da ƙurar hazo, lokacin da masu asma da tsofaffi dama suke fama da ƙirji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 4.2 a 2019, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin tamu. A Landan, wata yarinya 'yar shekara 9 da gidansu ke kusa da babban titi ta rasu a 2013 bayan fama da asma, kuma a Disambar 2020 mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa gurɓatacciyar iska na cikin abin da ya kashe ta. Mu a nan ba a yin irin wannan bincike, sai a ce ciwon ƙirji ne, a yi ta'aziyya a watse. Kai direban ma kana ciki. Waldar da aka yi a gaggauce tana tsagewa, hayaƙi ya riƙa tsiyaya ƙarƙashin kujerarka, ga gilashi a rufe, ga esi a kunne. Kabon monoksayid ta fi oksijin kama jini sau 200 da ɗoriya, tana farawa da ciwon kai da gyangyaɗi, kuma gyangyaɗi a hanyar Wukari kun san inda yake kai mutum.

Wani zai ce, ga tireloli na tuttula baƙin hayaƙi, ga janareto a kowane shago, ga shara ana ƙonawa, ga gobarar daji da rani, motata ɗaya me za ta ƙara? Duk abin da ya lissafa gaskiya ne, kuma wasunsu sun fi motarsa ɓarna. Amma mai janareto rashin wutar lantarki ne ya tilasta shi, tsohuwar tirela kuma haka aka ƙera ta tun asali. Kai motarka da maganinta ta zo, an riga an biya kuɗinsa, kai ne ka biya wani ya cire. Wanda ya ce motarsa ce, da kuɗinsa ya saya, shi ma bai yi ƙarya ba. Gidanka naka ne, amma ba ka da ikon karkata ruwan kwatarka ya bi ta ƙofar maƙwabci. A masallatan Jalingo da cocinta babu inda ba a karantar da haƙƙin maƙwabci da haramcin cutar da mutane, kuma hayaƙin da ba a gani da ido bai fita daga wannan hukunci ba. Ranar da za ka sayar da motar kuma, in ka yi shiru ba ka gaya wa mai saye an kwashe cikinta ba, ka shiga babin algus.

Ita ƙara ba ta buƙatar dogon bayani, kowa ya sha ta. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85 na tsawon awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, ta yadda a desibel 100 minti 15 ne kawai kunne zai ɗauka ba tare da lahani ba. Motar da aka miƙe wa bututu tana iya kai wa nan idan aka matsa mata, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Ga majinyata a asibitin tarayya, ga ɗaliban Jami'ar Jihar Taraba masu karatun dare, ga mai jego da ta samu jariri ya yi barci da kyar, ga manomin Abbare da zai yi sammakon gona. A garin da ya taɓa jin ƙarar bindiga da ta bam, salansar da ke fashewa tas-tas da tsakar dare tana tsinka zukatan da ba su san mota ce ba.

Doka ma ba ta yi shiru ba, ko da yake ba a cika tsananta ta ba. Hukumar kare muhalli ta NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana da ƙa'idojin ƙara na 2009 da na hayaƙin motoci na 2011, ƙungiyar ECOWAS kuma ta amince a 2020 da mizanin hayaƙi na motocin da za a shigo da su yankin. A Legas da Abuja an kafa cibiyoyin duba mota da kwamfuta. Ranar da irin wannan ya iso Taraba, wanda ya sayar da indominsa da arha zai nemi wata da tsada.

Mai son murya a motarsa yana da hanyar da ba ta cutar da kowa sosai. A ƙasashen da wasan mota ya zama sana'a, abin da aka fi yi shi ne sauya bututu da tukunya daga bayan indomi kawai, a bar ta a wurinta, a zaɓi tukunyar da ke ba da murya mai kauri ba tare da tsaga kunne ba. Akwai kuma indomi mai faɗin ramuka da aka yi don injin da aka ƙara wa ƙarfi, tana sakin hayaƙi da sauri tana kuma tacewa, ko da ba ta kai ta asali ba. Kuɗin da za a kashe wajen yanka da walda, da an sa shi a taya mai kyau da birki da filogi na asali da baƙin mai a kan kari, da motar ta fi tashi ta fi tsayawa. Wanda kuma tasa ta riga ta mutu ko aka sace, sabuwa ta fi ƙarfin aljihunsa, ba a ce ya ajiye motar da yake ci da ita ba. Ya fara gyara abin da ya kashe ta, ya karɓi matacciyar a hannunsa ya sayar da kansa, ya tara kuɗin a kan ta gwanjo mai lafiya. Kafin nan ya bar tukunyar salansa a wurinta, ya tabbatar babu yoyo a ƙarƙashi, kada kuma ya riƙa barin injin yana aiki a cikin gida ko a rufaffen gareji.

Idan za ka sayi mota, ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashinta, ko ka sa a hau da ita rami. Sabuwar walda a jikin gwangwanin, ƙarar fanko idan an ƙwanƙwasa, warin ɗanyen fetur mai yaji a bakin salansa bayan inji ya yi zafi, fitilar cek da ba ta kamawa ko da an murɗa makulli, duk alamu ne da za ka tsaya a kansu kafin ka biya. Ku kuma ƙannena da ke koyon aiki a gareji, motocin da ke shigowa yanzu da kwamfuta suke magana, kuma 'yar na'urar karanta lambobinsu ba ta fi ƙarfin wanda ya ƙudurta saye ba. Ku koyi auna sansa, ku koyi gane filogin da ya mutu da nozul mai yoyo kafin ku yanke wa indomi hukunci, ku mayar wa mai mota duk abin da kuka cire a jikin motarsa. Idan dole ta sa sai an fitar da matacciya, a kwance gwangwanin ɗungurungum. Kada a sa yaron shago ya zauna yana daka cikinta da rodi, domin ƙurar yumɓun da ta zaren da aka naɗe shi da shi huhunsa suke shiga.